Yadda Na Raka Nafisa Wajen Masu Girka Rana

Tun da na dawo ba a bar ni na yi aiki ba. Mutum zai shigo shagona a Koki da rediyo a hammata, in buɗe in ga lafiyarta ƙalau, batir kawai aka juya da gangan, sai ya gyara zama a benci ya ce, to Ilu, yaya Faransa? Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura labarin yana ƙara ƙiba a bakin mutane, don jiya wani ya tambaye ni ko gaskiya ne na gyara wa Turawa injin nukiliya da sukundireba. Ban gyara komai ba. Ɓatawa ma na kusa yi. Zan faɗa sau ɗaya a rubuce, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina.

Nafisa 'yar yayana ce, Malam Habu, kuma 'yarsa ta fari. Mu asalinmu Fulani ne, shanun sun daɗe da tafiya amma kunyar ta ƙi bin su, saboda haka Yaya bai taɓa kama sunanta ba. "Yarinyar nan" ce tun tana goye har ta zama malamar kimiyya a jami'a. A shagona ta tashi, tana riƙe min fitila tana tambayar abin da ban sani ba. Da wata cibiyar bincike a kudancin Faransa ta gayyace ta ta je ta yi bayanin aikinta na mako guda, in ya gamsar da su su riƙe ta shekara uku, sai Yaya ya yanke hukunci a zaure: ba za ta fita ba muharrami ba. Ni zan raka ta, in ga wurin, in ga mutanen, mu dawo tare, in ba shi labari, sannan ya ce e ko a'a. Dalilin zaɓena kuwa, ya ji ta ce aikin nata na igiyar rediyo ne, wato abin nan da ke ɗauko murya daga tasha ya kawo akwati. Ya ce ai wannan fannin Ilu ne. Ni kuma maimakon in yi musu, sai na gyara hula.

Wajen neman biza mai tambayar ya so ya san abin da zai dawo da ni gida. Na ce masa rediyon mutane cike suke da shagona, kuma duk masu su sun san ƙofar gidana. Ban sani ba ko wannan ne ya yi aiki, amma an buga min.

A jirgi na ce ta yi min bayanin aikin dalla-dalla, kada a tambaye ni in ji kunya. Ta ce mutanen nan so suke su haɗa irin wutar da ke ci a cikin rana a nan ƙasa, don a sami lantarki. Suna gasa iskar gas har ta wuce gas ta koma wani abu da suke kira filasma, mai zafin da babu tukunyar da za ta riƙe shi. Sai su rataye shi a tsakiyar injin da ƙarfin maganaɗisu, a naɗe kamar gammo, ba ya taɓa bango. Daga nan su harba masa igiyar rediyo, ita kuma ta ingiza ilaktron, ƙwayoyin nan da ke ɗaukar wutar lantarki, wasunsu su kwasa da gudu na fitar hankali. Na ce ilaktron ai abokan sana'ata ne, ci gaba. Ta ce to masu gudun nan suna haifar da nasu maganaɗisun, ga kuma turawar da suke yi, sai gammon ya ɗan gusa daga inda aka aje shi. In ya gusa, igiyar rediyon ba ta ƙara sauka inda aka auna ta. Manhajar da cibiyar ta daɗe tana aiki da ita a kwamfuta tana lissafa zaman gammon sau ɗaya ne, ta ɗauka yana nan daram. Tata manhajar kuwa komawa take yi tana sake lissafawa, har sai lissafin ya daina motsi. Nata ya nuna tsakiyar gammon tana gusawa kamar faɗin yatsu biyu. Nasu ya ce ko gezau.

Na tambaye ta wa ya rubuta tasu manhajar. Ta ce shugaban sashen da kansa, wani dattijo, tun ba a haife ta ba. Na ce mata, wato za mu ƙetare hamada da teku ne don ki gaya wa dattijo a gidansa cewa ya yi kuskure, a kan yatsu biyu? Na yi mata nasiha mai tsawo. Na ce babba babba ne, in ya yi magana ki sunkuyar da kai, kada ki ja mana abin faɗa. Ta ce, to Baffa. Na ji daɗin wannan biyayya, na yi barcina har muka sauka canjin jirgi.

A filin jirgin Faris aka ware ni gefe. Wani kare mai aikin gwamnati ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Ban ga laifinsa ba, ni ma da na ji ƙamshin kilishin nan zama zan yi. Suka kwashe kilishin da dambun nama suka zuba a wata roba, ina kallo, har da wanda na saya don tsarabar shugaban da Nafisa za ta gani. Daddawa kuwa ma'aikaciyar ta buɗe ta sunsuna, ta rufe da sauri, ta mayar min da ita ba tambaya. Suka daɗe suna juya mitata ta awon wuta da sukundirebobina, har da wanda na feƙe da kaina daga marikin buroshin haƙori. Butata ce ta fi ba su wahala. Ɗaya ya tambayi Nafisa ko ta shayi ce. Na ce ta ce masa e, don bayanin gaskiya zai ɗauke mu har la'asar.

Daga nan jirgin ƙasa, mai gudun da ba ya barin mutum ya ga abin da zai ba da labari. Abin da na lura da shi, mutum ɗari a tarago ɗaya, babu mai magana, sai ka ce an yi rasuwa ba a sanar da ni ba. Na gaida maƙwabcina, ya ce bonjur, shi ke nan. Ban tambayi iyalinsa ba, bai tambayi gajiyata ba, haka muka zauna awa uku kafaɗa da kafaɗa.

A tashar da muka sauka wani baƙin mutum dogo yana riƙe da kwali mai sunan Nafisa. Da ya ga hulata sai ya ce, "Sannunku da hanya, Kanawan dabo, an taho da tsiyar?" Na kusa rungume shi. Sunansa Yusufu, mutumin Damagaram ne, ya fi shekara ashirin a can, yana aikin haɗa wayoyi a cibiyar. Na ce masa tsiyar tana wajen kare a Faris. Tun daga ranar ya zama bakina da kunnena, don Turancina na gyaran rediyo ne, Faransanci kuwa ko na zagi ban iya ba.

Masaukin baƙi aka ba mu, ɗakina da nata a jere. Ɗakin tsaf, amma in ka shimfiɗa sallaya sai ka ɗage kujera ka ɗora kan gado. Fitilar baranda kuma tana mutuwa da kanta in ka daina motsi, don haka sai ka riƙa ɗaga hannu kamar mai tsai da mota. Abinci kuwa, a nan na san Bafaranshe yana da addini. Sha biyun rana na bugawa kowa zai aje abin da ke hannunsa ya nufi ɗakin cin abinci, ko gobara ake yi. Mu kifi muka riƙa ci da burodi mai taurin da za a iya jifan kare da shi. Sun kawo wani cuku mai kore-kore a jiki, Yusufu ya ce shi ne mai tsada. Na ce mutanen da ke cin wannan su ne suka toshe hanci don daddawata? Na ciro yajina na barbaɗa wa kifin. Kafin mako ya ƙare wasu samari biyu 'yan Indiya sun koma zama kusa da ni.

Washegari aka kai mu ganin injin. Aka karɓe agogona da makullai, aka ɗora min hular kwano a kan tawa hular, muka leƙa ta wani bene. Ni na zaci zan ga rana a cikin kwalba. Abin da na gani tulin ƙarfe ne da bututu da wayoyi, kamar an kifar da kasuwar 'yan gwangwan wuri ɗaya, kuma a kashe yake, wai ana gyara. Na nemi eriya ban gani ba, Yusufu ya nuna min wasu bututun tagulla masu kusurwa huɗu, ya ce ta ciki igiyar rediyon take bi. Na taɓa mitata a aljihu, na bar ta inda take. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na gane Nafisa ba ma a jikin injin take aiki ba. Kwaikwayonsa take yi a kwamfuta, ta kunna wutar ƙarya ta ga yadda ta gaske za ta yi. Na ce mata wannan ai tuƙa tuwo ne a hoto. Ta ce, Baffa, in tuwon yana iya narkar da tukunya, gara a fara tuƙa shi a hoton.

Da rana aka tafi da ita cike takardu, sai na ga dama ta samu. Na ce wa Yusufu ya kai ni wajen shugaban in yi abin da ya kawo ni. Muka same shi a ofis, tsoho mai farin gashi a hargitse, da gajeren wando, kekensa jingine da kantar littattafai. Sunansa ya ƙi zama a bakina, Mai Keke nake ce masa. Yaran wurin, sa'o'in 'ya'yansa da jikokinsa, duk sunansa suke kira gatsal, ba Malam ba Baba. Na miƙa masa yadi mai rinin baba da na sayo a Ƙofar Mata, da goro fari guda bakwai. Ya gutsura ɗaya, fuskarsa ta tattare, amma ya haɗiye. Na ce wannan dattijon arziki ne.

Sai na yi masa irin maganar da kowane uba na gari yake yi in ya kai ɗa wajen malami ko wajen koyon sana'a. Na ce ga yarinya nan, amana ce. Ba ta san komai ba. Tana da taurin kai da rawar kai, sai an sa mata ido. Yusufu ya dube ni ya ce, Malam Ilu, in faɗa haka? Na ce faɗa. Na ƙara da cewa na ji wai lissafinta ya saɓa da nasa, to ya yi haƙuri, ƙuruciya ce, ya ɗauki nasa ya watsar da nata, mu a gida ma ba ma bin ta tata. Yusufu ya sake cewa, in faɗa? Na ce kai Badamagare, tafinta aka ɗauke ka ko alƙali? Kada ka rage ko wasali. Ya faɗa. Mai Keke ya daina murmushi, ya ɗauki biro ya rubuta wani abu. Na fito ina jin na sauke nauyi, har ina tunanin yadda zan ba Yaya labari.

Rana ta uku ita ce ta bayaninta. Mutum kamar talatin a ɗaki, ni a layin gaba da babbar riga, Yusufu a gefena yana raɗa min. Ta fara da kyau. Hotuna suna fitowa a bango, zobe cikin zobe masu launi, tana nuna inda tsakiyar take da inda ta koma. Ban fahimci rabi ba, amma na san muryar wanda ya san abin da yake faɗa, kuma irinta ce. Da ta gama sai Mai Keke ya miƙe ya rufe ta da tambayoyi, yana buga tebur da yatsa. Ya ce ta yaya ta san gusawar nan ba kuskuren manhajarta ba ce? Ya ce masu gudun nan 'yan kaɗan ne, ina suka ga ƙarfin ture gammo? A ƙarshe ya ce an gaya masa ko a gidansu ba a yarda da lissafinta ba, to ita ta yarda da shi?

Ta juyo ta dube ni. Ni kuma, Allah Ya yafe min, na yi mata alama da ido, irin ta a bi a hankali. Ta sunkuyar da kai. Ta ce wataƙila nasu ne daidai, za ta sake dubawa. Mai Keke ya ɗaga kafaɗa ya tattara takardunsa, aka watse cin abinci.

Ni a raina an yi abin kirki, yarinya ta nuna tarbiyya. Ta kawo min kifi, ta buɗe min yajina, ta ce kanta na ciwo za ta ɗan kwanta. Yusufu ne ya ja ni waje kan wani benci ya zaunar da ni. Ya ce a ƙasar nan in ka ce ɗanka bai iya ba, ba sa cewa kai mai kunya ne, yarda suke yi, don a ganinsu wa ya fi ka saninsa? Ya ce tsohon nan ba ladabi yake nema ba, ladabi ba ya riƙe filasma. Tambayoyin da ya yi mata duk tana da amsarsu, ya gani a takardunta, so yake ya ga ko za ta tsaya a kan ƙafarta in an hura mata wuta. Yanzu ya ji daga bakin baffanta cewa ba ta san komai ba, ya kuma ji daga bakinta cewa wataƙila haka ne. Ya ce jibi za a yanke shawara, kuma akwai wasu biyu masu neman gurbin.

Na fara da faɗa, don shi ne ya fi sauƙi. Na ce shi ya fassara. Ya ce sau biyu ya tambaye ni. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, ba ta Fulani ba, ta wanda garin gyaran gira ya tsone ido. Shekara huɗu yarinyar nan tana aikin nan, tana tashi da kwamfuta daga gida zuwa shagona in an ɗauke wuta, don ni ke da batir. Ni na ga wahalar da idona, kuma ni na zo na zubar da ita da baki a minti biyar.

A kan bencin nan ne kuma na gane aikin nata, abin da bayanin jirgi bai yi min ba. Duk mai gyaran rediyo ya san ba a saita kwayil, naɗin wayar nan na kamo tasha, da sukundireban ƙarfe. Kana zura shi ciki ya canza abin da kake aunawa, ka saita tasha ta fito tar, kana zare hannu ta gudu. Shi ya sa na feƙe na roba. Abin da take gaya wa tsohon ke nan: abin da ka tura ciki yana taɓa ma'aunin, dole ka koma ka sake saiti. Ashe ni ma a ɗakin nan sukundireban ƙarfe ne. Na ce wa Yusufu ya tashi mu koma.

Mai Keke yana cin tuffa muka shiga. Ban taɓa yabon ɗan gidanmu a gaban bare ba. Na ce wa Yusufu yau ma kada ya rage ko wasali.

"Abin da na faɗa maka jiya ƙarya ce," na ce. "A wajenmu haka ake yi, mai ɗa ba ya yabon ɗansa, malami ne zai gano da kansa. Nafisa tun tana shekara tara take gyara a shagona. Ba ta taɓa rufe bayan rediyo ta ce ta gyaru alhali ba ta gyaru ba. Ni na sha yi. In ta ce abin nan ya gusa, ya gusa. Sunkuyar da kan da ta yi ɗazu, ni na sa ta. Ka sake zama da ita, ni ba zan shiga ba."

Mai Keke ya saurari fassarar har ƙarshe. Sannan ya yi dariya, ya ce shi ma mahaifinsa manomin inabi ne, har ya mutu bai taɓa ce masa ya yi ƙoƙari ba, amma dai bai taɓa bin sa makaranta ya ce a kore shi ba. Na haɗiye wannan, don na ci bashinta. Ya ce ya daɗe yana jiran wanda zai fasa masa manhajarsa kafin ya yi ritaya, amma duk wanda ya zo sai ya yi ta lallaɓa ta. Ya ce gobe da safe za a zauna, shi da ita da mutum uku.

Da na gaya wa Nafisa, sai ta ce ai ni na ce ta sunkuyar da kai. Na ce na janye. Na ce ta yi masa irin cinikin da mahaifiyarta take yi wa masu atamfa, kada ta bar masa ko zare. Ta ce, Baffa, dattijo ne fa. Na ce dattijon da ke yawo da gajeren wando ya riga ya yafe girmansa.

Washegari na zauna a baranda a bakin ƙofar, ni da fitilar nan mai mutuwa. Da farko muryarsa kawai nake ji. Can sai tata ta fara fitowa, a hankali, sannan ta ɗaga. Na ji ƙarar alli a allo, na ji an ja kujera, na ji ya katse ta, na ji ta katse shi. A Kano da na ji 'yar gidanmu tana yi wa mai furfura haka da na shiga da takalmi a hannu. A nan kuwa ina zaune ina jan carbi ina cewa Allah Ya ƙara mata. Sha biyu ta buga ba su fito ba. Yusufu ya zo wucewa, ya dubi agogo, ya ce shekararsa ashirin bai taɓa ganin tsohon nan ya makara cin abinci ba.

Kada wani ya ce na ce ta kayar da shi. Bai yarda ba. Ya fito yana cewa gusawar ba za ta kai yatsa ɗaya ba, ita tana cewa biyu. Abin da aka tsayar shi ne, in an gama gyaran injin za a kunna a auna, a ga wanda kwaikwayonsa ya faɗi gaskiya, kuma ita za ta shirya gwajin. Gurbin nata ne, amma sai ta sa hannu a makon nan ta fara, don lokacin injin ba ya jiran kowa.

Nan fa aka zo wajen. Umarnin Yaya shi ne mu dawo tare. Nafisa ta ce ba za ta sa hannu ba sai da izininsa, a kira shi. Na ce kada a kira. Na san yayana: in ka tambaye shi ta waya zai ce sai kun dawo, kuma sai kun dawo ɗin nan a'a ce mai rawani. Na shafe kwana biyu ina binciken da aka aiko ni. Na je gidan Yusufu, na ci tuwon matarsa, Hajiya Rabi, mace mai faɗa irin wanda nake so, ta nuna min ɗakin da za ta ba Nafisa a saman nasu. Na ga masallacin da suke Juma'a, wani tsohon gareji ne amma sahu yana miƙewa. Sannan na ce wa Nafisa ubanta ya wakilta ni in gani, na gani, ta sa hannu, abin da zai biyo baya a wuyana. Da zan ba Hajiya Rabi amanarta na buɗe baki zan ce ba ta san komai ba, sai Yusufu ya yi gyaran murya. Na ce yarinyar kirki ce, kuma ta fi mu duka ƙwaƙwalwa. Na bar wa Nafisa yajin da daddawar, da sukundireban roba.

Dawowa ba ta da labari. Kujerar da ke gefena babu kowa, na yi ta shirya maganar da zan yi, ina rushewa. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Yaya ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ban taɓa tsallake maganarsa ba.

Na same shi a zaure bayan la'asar. Ya amsa gaisuwa, ya dubi bayana, ya sake dubawa.

"Ina yarinyar?"

"Na baro ta, Yaya."

"Da izinin wa?"

"Da naka, wanda ka ba ni."

Na kwashe labari na ba shi tun daga kare har allo, ban ɓoye ɓarnar da na yi ba. Na kama sunanta a gabansa, na ce Nafisa ta tsaya gaban wanda ya rubuta abin tun ba a haife ta ba, ta ce masa yatsu biyu, kuma ba ta janye ba. Ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya tashi ya shiga gida. Kwana tara bai yi min magana ba, in mun haɗu a masallaci sai dai musabaha. Na rame a kwanakin nan, matata shaida ce.

Amma a cikin kwana taran ne mutane suka fara zuwa da rediyonsu masu lafiya. Na rasa wa ya baza labarin, don ni ban faɗa wa kowa ba. Sai wani mai shayi ya ce min ai Malam Habu ne, kullum bayan sallah sai ya ba da shi a majalisa, wai wata 'yar wajen Ilu ce ta je ta ƙure Turawa. Tasa ba zai iya yabo ba, sai ya ba ni aronta.

A rana ta goma ya shigo shagon da tsohuwar rediyonsa mai rigar fata, ya aje a kan tebur ya ce tana shaƙewa. Na kunna, tana magana garau. Na buɗe bayanta duk da haka, na yi ta hure ƙurar da babu. Ya zauna a benci yana kallon titi. Can, ba tare da ya juyo ba, ya ce:

"Shi tsohon, nawa ya ce?"

Na ce, "Bai kai ɗaya ba."

"Ita fa?"

"Biyu."

Ya miƙa hannu ya karɓi rediyonsa, ya saƙale a hammata. Sai da ya kai bakin ƙofa ya ce, "To, biyun ne."